Launin jirgin da Baba bai gani ba

Tsohuwar fankar ɗakina ce ta soma karkarwa da azahar, sai marigayi Baba, mahaifin maigidana, ya faɗo mini a rai. Yana son tsofaffin jiragen soja masu farfela, har da ƙara kaɗai yake bambance su.

Shekarar da sojoji suka yi wasan jirage a Sakkwato, ganinsa ya riga ya tafi, amma ya nace muka kai shi tun daga Danchadi. Burinsa ya san ko an sake musu fenti. Da wani ya taho ƙasa-ƙasa, warin mai ya cika wurin, Baba ya damƙe hannuna yana dariya.

"Ɗiyata, wanga tsaran ƙuruciyata na! Wane launi garai?"

Rana ta haske mini ido, ban gani ba. Har ya rasu abin na damuna. Allah Ya haskaka makwancinsa.

Da na ba autata labarin, cewa ta yi, "Inna, ki daina kuka. A Aljanna idonsa zai buɗe, shi zai faɗa miki."