Dutsen da aka fasa mini a Ankara

Da asuba muka bar Zongo, ni da 'yar ƙanwata da ke rubuta wannan. Zemijan, wato babur ɗin haya, ya kai mu Aflawo, muka tsallaka iyaka da ƙafa, ina tsayawa ina haki. Ankara ta Gana muka nufa, asibitin da aka taɓa tsaga ƙirjina aka ɗinka wa zuciyata jijiyar ƙafata. Wancan karon da Malam mijina muka je. Mahauci ne, ya riƙa tsokanata wai likita ya iya zaɓe, jijiyar ƙafa ba ta tsinkewa. Shi ya yi jinyata, har wanka. Bara ya rasu.

Hanya ta yi kyau, mota dai ta yi tsada. A gadar Sogakofe mata suka yanyame mu da burodi. Na sayi biyu kamar yadda muka saba ni da Malam. Sai da na karɓa na tuna ba ya nan. Na yi kuka, na kusa da ni ya ɗauka ciwon ne.

Likita ya ce jijiyar ta ƙeƙashe, ta zama kamar dutse, jini ba ya wucewa sosai. Na ce, "Ɗana, na san dutsen nan. Ranar jana'izar Malam ya shiga."

Ya ce, "A'a Mama, wannan ya daɗe yana taruwa."

Na ce ko ma wanne ne, ba za a sake tsaga ni ba, mai jinyata yana ƙasa. Ya ce za su gwada ba tsagawa.

Ta matsematsina suka zura siririn bututu mai ɗan balan-balan a baki. Idona biyu. In ya isa wurin sai ya riƙa bugu daga ciki har dutsen ya tsattsage, sannan a sa 'yar raga ta riƙe hanyar. Ina kwance ina tasbihi da yatsu, ina jira in ji nauyin ya sauka.

Kwana uku muka dawo. Na tsallaka Aflawo ban tsaya ba ko sau ɗaya. Alhamdu lillahi. Maƙwabta suka yi ta barka, suka watse, na shiga ɗaki na zauna.

Likita ya yi gaskiya, ashe duwatsun biyu ne. Nasa ya fashe. Ɗayan kuwa, ko da ya ce zai iya, ba zan ba shi ba.