Tela Mai Biro Uku

Ku zo ku ga wata baiwar Allah a ofishin jarrabawa! Tela ce, ga tef ɗin awo rataye a wuya, gilashin tabaranta kuwa ya kai gindin kwalba kauri. Daga gani ta ba arba'in baya, kuma na rantse lissafi ya sha kayar da ita.

Dokar ofishin, tsofaffin takardun jarrabawa da tsarin ba da maki a nan ake dubawa, ba ɗaukar hoto, ba fita da su. Shi ne ta baje littafi a cinya, ga biro uku, tana kwafewa layi-layi, harshe a waje kamar mai zura zare a allura.

Akawu sai duba agogo yake. "Hajiya, shafi sittin ne fa, kuma ƙarfe huɗu muke tashi."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ɗan nan, bara amsata daidai take, aka hana ni maki wai ban nuna yadda na yi ba. Wa ya gaya mini? Bana sai na san abin da suke so. Rufe ofishin da ni a ciki."

Akawu ya kalli ƙofa, ya kalle ta, ya koma ya zauna.