Taku Arba'in da Biyu daga Kututturen Mangwaro

Shekara talatin da ɗaya Istifanus ya yi a hukumar ruwa, aikinsa kuma ɗaya ne, buɗe bawul, wato makullin bututun ruwa, da rufe shi. Da dogon ƙarfensa ɗaure a keke yake zagaya Kakuri da Nasarawa, ya ɗaga murfin rami, ya zura ƙarfen ya murɗa, wannan unguwa ta sami ruwa yau, waccan ta jira gobe. Ya san bututun da ke ƙarƙashin kudancin Kaduna fiye da yadda ya san danginsa na Kachia. Amma a gidansa na Unguwar Boro famfon tsakar gida ya shekara goma sha uku bai zubo ko ɗigo ba, har matarsa Martha ta mayar da shi wurin shanya tsumma. In maƙwabta suka gan shi yana tsayar da mai kurar ruwa, sai su ce, "Baba Wata Bod, yau ma saye ake yi?" Yakan yi dariya ya wuce, amma dariyar iyakarta fatar baki.

Akwai abin da ya haɗiye. A shekarar da ruwan ya ɗauke, babban bututun layinsu ne ya fashe, shi kuma da hannunsa ya rufe bawul ɗin bakin unguwar kafin a gyara. Aka ce a jira kuɗi. Ana cikin jira masu titi suka zo zuba kwalta, aka ce ya tsaya a wurin kada a binne murfin. Shi kuwa ya sulale Kachia haƙar citta, ba tare da ya nemi izini ba. Ya dawo ya tarar da titi sumul, bawul ya shige ƙasa a rufe. Tsoron kora ya kama bakinsa, daga baya kunya ta karɓi aikin. Kullum Martha ta sauke bokiti tana dafa gwiwa, sai ya ji abin ya soke shi.

Bayan ya yi ritaya sai ga kuɗin masu ba da tallafi daga waje. Kuɗin nan gwanin sayen sabo ne, ba ya tambayar tsoho. Aka kawo injuna, aka shimfiɗa sabon bututu lungu-lungu a Unguwar Boro, aka liƙa mita a kowace ƙofa, aka kafa allo mai tambari uku. Aka kunna inji, Sabon Tasha ta sami ruwa, Unguwar Boro shiru. Taswirar da ke cikin kwamfutar ma'aikatan daga tsofaffin takardu aka zana ta, bawul ɗin nan kuwa babu wanda ya taɓa sa shi a takarda.

Injiniyar aikin, wata mai suna Gloria, ta tara mutanen unguwa a harabar makarantar firamare ta faɗa musu gaskiya. Masu tallafin za su turo masu duba aiki ranar Alhamis, in suka tarar famfo a bushe za a cire unguwar daga shirin, a kai sauran kayan wani wuri.

Istifanus yana zaune a bencin baya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya miƙe.

"Injiniya, ruwanku lafiyarsa lau. Ƙofa ce a rufe, kuma ni na rufe ta."

Ya faɗi komai, har da cittar. Wata tsohuwa ta ja tsaki mai tsawo. Gloria ta dube shi ta ce, "Baba, faɗa sai an sha ruwa tukuna. Za ku iya nuna mana wurin?"

Washegari da safe suka hallara a bakin titi. Mangwaron da yake auna wurin da shi an sare shi tuntuni, amma kututturen yana nan ƙarƙashin bencin wani mai faci. Daga nan taku arba'in da biyu ne zuwa gabas. Ya taka, ya nuna, leburori suka fasa kwalta har ƙugu, ba komai sai jar ƙasa. Mutane suka fara gunaguni. Shi kansa ya ga kamar ya zubar da mutuncinsa a banza.

Martha ce ta matso kusa da shi. "Baban Bitrus, ƙafar da ka auna da ita wancan lokacin ba ita ce wannan ba. Yanzu takunka na tsoho ne."

Aka sa wani dogon lebura ya sake takawa, ya wuce ramin farko da kusan taku biyar. Nan diga ta bugi ƙarfe. Bawul ɗin ya yi tsatsa, sai da aka shayar da shi baƙin mai, mutum uku suka kama tsohon ƙarfen Istifanus suna nishi, sannan ya motsa. Istifanus ya durƙusa ya kara kunne a kan ƙarfen, ya ji gurnanin ruwa yana wucewa. Ajiyar zuciyar da ya yi har mai facin ya ji ta. Gloria ta sa wurin a taswira, ta kuma roƙe shi ya zagaya da su duk inda ya san akwai irinsa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Da suka isa gida famfon yana tari, yana fesa jan ruwa a kan tsummokaran Martha, sannan ya washe. Istifanus ya tsaya yana kallo, ya kasa haɗa ido da ita.

"Maman Bitrus, ki yafe mini."

"Na daɗe da sani," in ji ta, tana tara bokiti. "Shekara goma sha uku, duk ranar Lahadi in mun zo wajen mai facin nan sai ka tsallaka titi. Jira nake ka faɗa da bakinka."

Bokitin ya cika. Ta kai hannu za ta ɗauka, ya riga ta.