Allurar mai da sandar Baba

Allurar mai tana nuna tanki cike, motar ta mutu mana bayan Tsarnawa. Inna tana baya, za mu Illela jana'izar ƙanwarta.

Tsohuwar motar marigayi Baba ce. Shi sanda yake zurawa a tanki ya auna mai. Na raina sandar na yar, na sa Sule mai wayarin ya haɗa allurar da tanki.

Na kira Sule ina huci. Ya ce, "Au, ban hwaɗa maka ba? Juye take karantawa, in ta ce cike, to babu."

Kafin mu isa an kai mamaciyar makabarta. Inna ba ta yi faɗa ba, ta ce kawai, "Ina sandar babanka?"

Jama'a, me zan ce mata?