Baƙon da Ke Ƙwanƙwasa Katangar Zaurena

"Hajiya, da ma za ki yarda ki dawo wurinmu, da hankalinmu ya kwanta."

Babban ɗana ne ya faɗi haka jiya a tsakar gidana na unguwar Koki, alhali ina jiyo baƙon da ya zo da shi a zaure yana ƙwanƙwasa katanga, yana tambayar maƙwabcina iyakar gidan.

Na ƙarar da ƙuruciyata ina koyar da Ingilishi, ina bambance wa 'yan mata sigar aikatau ta umarni da ta fata. Amma kakata ce ta fara nuna mini cewa mai iko yakan yi umarni da muryar mai roƙo. Farkon zuwan Turawa Kano, wani tafinta ya shaida wa mijinta cewa Bature "zai so" a ara masa gonarsu. Har ta koma ga Allah ba ta ƙara cin dawar gonar nan ba.

Na ce wa ɗan nawa, "Injiniya, wannan fata ne ko sanarwa?"

"Haba Hajiya, fata ne kawai. Shi kuma magini ne, tsagewa yake dubawa."

"Tun yaushe magini ya fara tambayar iyaka? Yaro, dillali na san shi ko daga tarinsa."

Sai ya shiga gyara zaman hularsa.

Na sa aka kai wa baƙon ruwa, aka kuma isar masa cewa muddin ina numfashi, gidan ubana ba na sayarwa ba ne.

Ku da kuka haifa, ku gaya mini gaskiya: zato na yi wa yaron nan, ko riga shi na yi tun bai sayar da gidan ba?