Garantin Shekara Uku

Ban taɓa zaton zan mallaki bindiga ba, ko da ta iska ce, sai da tattabaru suka zama nawa. Su ma ba ni na saya ba. Abokin zamana ne, wani mutumin Maraɗi da muka yi haya tare a saman wani tsohon bene a unguwar Darrasa ta Alƙahira, ya gama karatu ya koma gida ya bar mini su. "Ka riƙe su kafin ka taso," in ji shi, "in za ka tafi ka yanka ka yi walima." Haka kowa yake yi mini. Wannan ya bar fanka, wancan tukunya, wani littattafan da suka yi wa jakarsa nauyi, har ɗakina ya koma kamar shagon gwanjo.

Ni kaina a bakin tafiya nake tun ranar da na sauka Alƙahira. Mu 'yan karatu muna da wata ƙa'ida: ba ka sayen abin da ba zai shiga akwati ba. Gado ban saya ba, katifa ce a ƙasa. Labulena tsohon zanen gado ne da na kafe da ƙusa. Karatu ya ƙare, na shiga yi wa 'yan kasuwarmu tafinta a kasuwar Ataba, ina raka su sarin abaya da turare, amma in aka tambaye ni sai in ce bayan Sallah zan wuce. Wace Sallar? Ba mai bin ba'asi.

Mutum ɗaya ce ke bi, Inna. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma taɓa cewa tana kewata ba. Duk Juma'a in na kira ta, bayan gaisuwa da labarin wadda ta haihu da wanda ya rasu, sai ta ce, "To, wai yaushe za a zo ne?" Sai ka ce wani take tambaya. Ni kuma in ce, "An kusa, Inna."

Ana nan sai wata dabba ta sa wa tattabarun ido. Misirawa suna ce mata irsa, kamar tunku take amma ƙarama, ga rashin kunya. Na wayi gari na tarar da 'yan shila biyu ba kai. Raina ya ɓaci ƙwarai, don a duk birnin nan tsuntsayen ne kaɗai ke jiran dawowata. Na shiga mota sai Wustul Balad, tsakiyar birni, shagon kayan farauta.

Mai shagon dattijo ne, tabaransa a ƙarshen hanci. Ya ɗauko bindigar iska, ya nuna mini yadda ake karya ta a tsakiya a sa ɗan harsashin dalma. Muka yi ciniki. Ina shirin fita sai ya ce garantin kamfani shekara ɗaya ne, amma in na ƙara kuɗi shagon zai ɗauki nauyinta shekara uku: a sa mata mai sau biyu a shekara, a canza robar ciki ko sifirin in sun gaji. "Mu da kanmu za mu riƙa kiranka," in ji shi.

"Shekara uku? Ya hajj, ni nan da wata shida ina ƙasarmu."

"Tamam. Bindigar fa? Ba za ta shiga akwati ba."

"Zan bar wa wani."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ma'alish, yi haƙuri, ya ustaz. Larabcin bakinka ba na mai wata shida ba ne."

Maganar ta soke ni. Na ɗauki kayana na fice ko sallama ban yi ba, ina zaginsa a zuci har gida: tsohon ɗan kasuwa, kuɗina yake so, shi ne har da duba.

Irsa dai ban taɓa samunta ba. Na harbi bango, na huda bokitina, sau ɗaya na kusa illata farantin tauraron ɗan'adam na maƙwabci. Ragar waya ta 'yan kuɗi kaɗan ce ta ceci 'yan shilar. Bindigar kuwa ta zama abokiyar la'asar. In na dawo daga kasuwa, na zuba wa tsuntsaye hatsi, sai in jera gwangwanayen waken ful in yi ta harbi har a kira magariba.

Garantin kamfani na ƙarewa bindigar ta fara sanyi, in na ja kunama sai ta ce fus. Na koma shagon ina fatan tsohon ya manta ni. Ina sa ƙafa ya ɗaga hannu, "Ahlan da mai wata shida!" Ya canza roba, kuɗin gyaran bai kai rabin abin da ya nema a wancan karon ba. A lissafi ni na ci. Amma da ya sake kawo maganar shekara ukun, a hankali wannan karon, ba zolaya, sai na ji na gaji da yi wa kaina ƙarya. Na biya. Juma'ar nan da Inna ta yi tambayarta, "an kusa" ta yi mini nauyi a baki.

Da damina Inna ta rasu. Ƙanena ya kira ni da hantsi, kafin in gama tambayar kuɗin jirgi an riga an kai ta. Na karɓi gaisuwa a saman bene daga mutanen da yawancinsu ban daɗe da saninsu ba. 'Yan'uwa suna kira har yanzu, Allah ya saka musu, a gaisa, a ce a aiko da magani ko jallabiya. Ba wanda ke tambayar yaushe zan zo. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Na sha jin wannan, ban san haka take da ciwo ba. In na fito masallacin Juma'a sai in ga waya a hannuna, ban san lokacin da na ciro ta ba.

Yaran da ke zuwa karatu yanzu, in sun ga bindigar suka tambaye ni ko garantin nan na da amfani, gaskiya nake gaya musu: asarar kuɗi ce. Abin da ke lalacewa a cikinta bai taka kara ya karya ba, ɗigon mai da roba ne. Abin da ba na gaya musu shi ne garantin nawa ya ƙare har na sabunta shi.

Dalili kuwa, bayan rasuwar da 'yan watanni, wata la'asar ina wanke kaskon ruwan tattabaru, waya ta yi ƙara. Muryar tsohon ce.

"Ya ustaz, lokacin sa mai ya yi. Yaushe za ka zo?"

Na zauna a ƙasa, kaskon a hannuna. Ya yi ta cewa alo, alo, yana zaton layi ne ya yanke.

"Gobe, ya hajj," na ce.

Washegari na naɗe bindigar a tsohon zane, na je.