Shaidar Jan Farce

Ina tsugune a rumfar Malam Salifu a Zongo, ina zaɓen tsofaffin kwanonin da nake tarawa, sai ga wata mata tsaye a kaina. Za ta kai hamsin, mayafinta a goge, takalminta kuwa ya sha ɗinki. Ta ɗauki wata langa mai furanni ta kife ta. Akwai ɗigo uku na jan farce a gindin, irin shaidar da mata ke yi wa kayansu. 

"Malam, wa ya kawo maka wannan?"

"Hajiya, ba ma faɗin suna."

"Dogo ne, mai wushirya?"

Malam Salifu ya sunkuyar da kai. Ina jin ɗanta take kwatantawa.

Ta rungume langar, ta ce a hankali, "Nuna min sauran."